Ɗanɗanon Mai Giya

Sau uku ke nan Dalyop yana ɗaure noti, sau uku ruwa yana ɗiga ta gindin gangar. Gangar giya ce ta ƙarfe da ya tsinto bayan wata mashaya da aka rufe a unguwar Plumstead, nan London. Ya yanke mata kai, ya huda gefenta, ya cusa ƙarfen dafa ruwa da ya ciro daga tsohuwar butar lantarki. Mutumin da ya shekara goma sha ɗaya yana tura gadajen marasa lafiya a asibiti, yau ga shi ya zama maƙeri ƙarfi da yaji.

"Baban Anatu, in 'yan council masu gidan nan suka ji warin nan fa?" in ji matarsa Rhoda daga ƙofar kicin. "Kuma ina cikin Zumuntar Mata a coci, a ce ana dafa burukutu a flat ɗina?"

"Litinin za su sa wa Mama robar abinci a hanci," ya ce, bai ko ɗago ba.

A gaban Rhoda likita ya faɗa. Chundung, mahaifiyar Dalyop, ta shekara arba'in tana dafa burukutu a garinsu Gyel, har daga Bukuru ake zuwa shan nata. Bara shanyewar ɓarin jiki ta kama ta, ya kawo ta London neman magani. Tun ranar da aka fara ba ta abinci a baki kamar jaririya ta fara janye jiki, yanzu sati biyu ke nan ba ta karɓar komai sai ruwa. An yi lallashi, an yi addu'a, fasto ya zo ya tafi.

Dabara ɗaya ta rage wa Dalyop, ita ma bai yarda da ita sosai ba. Ya sayo dawa a Tottenham, ya jiƙa ta a bahon wanka har ta yi tsiro, ya shanya a kan hita, ya niƙa. Ko ƙanshin gida zai buɗe bakin tsohuwa.

Ya naɗa robar tayar keke a bakin ramin, ɗigar ta tsaya. Da ya jona, wutar gidan ta ɗauke. Ya gyara, ya sake jonawa, ya tsaya yana juyawa da muciya har ƙafafunsa suka yi tsami. Da yamma tururi ya rufe tagogi. Abin bai zama giya ba tukuna, sai ya kwana biyu ya tashi, amma Dalyop ba shi da kwana biyun. Ya tace mai zaƙin, ya fifita, ya kai mata a kofi da cokali.

"Mama, ga naki na gida."

Ta dubi cokalin, ta juya fuska bango.

Ya daɗe a tsaye. Ya gaji, gajiyar da ba ta ƙafa ba, har yana jin haushin uwar da ta haife shi.

"Kai ma dai," in ji Rhoda a bayansa. "A ina ka taɓa ganin an ba mai giya giya?"

Ta ciro ƙwaryar da suka rataye a falo don ado, ta ɗauraye, ta juye abin a ciki. Ta ajiye kusa da hannun Chundung mai lafiya, ta zauna a ƙasa kamar wadda ta dawo daga gona.

"Mai giya, baƙuwa ta zo. Ba ɗanɗano ne?"

A Gyel mai giya ba ta miƙa wa baƙo ƙwarya sai ta fara kurɓa a gabansa, ya san ba a zuba komai ba. Hannun Chundung ya ɗauki ƙwaryar tun kafin ta yi shawara da zuciyarta. Ta kurɓa, ta yamutsa ɓarin fuskar da ke motsi.

"Wa ya dafa?"

"Ni ne, Mama."

"Namiji." Ta ja tsaki. Ta sake kurɓa. "Ƙarfe nake ji." Ta ƙara, wannan karon mai yawa, tana laluben inda ya ɓata. "Tsiron ma bai kai ba. Ba a ba baƙo wannan, za ku zubar mini da suna."

Rhoda na nan da hannu a miƙe, tana jiran a ba ta ƙwaryar. Dalyop ya sauke mata shi a hankali.

Ya jiyo ɗigar ta dawo a kicin, ɗis, ɗis, a kan tayil. Bai je ba. Ya jingina da bango yana kallon uwarsa tana zaginsa, gindin ƙwaryar yana ta ɗagawa sama.