Sukari a Giyar Kawu Khiem

Ina tsaye a bakin ƙofa da kwanon faten shinkafa a hannu lokacin da Yaya Tuyen ya janyo wata jarkar giya daga ƙarƙashin matakala. Mamata ce ta aiko ni in kai wa mahaifinsa, Kawu Khiem, wanda ya kwana goma ke nan a kan gadon da aka sauko masa da shi falo. Jarkar fara ce, mai cin lita ashirin, an zura siririn tiyo ta murfinta, ɗaya bakin tiyon yana nutse a kofin ruwa. Tun da ciwo ya kayar da Kawu ba ya sauraren komai sai wannan kofi. Ɓul, sai shiru, can kuma ɓul.

"Ba ta gama ba," in ji Kawu. Kusan iska ce kawai ta fito.

"Kai ma ai ba ka gama ba, Baba, ga shi mun fara shiri," Yaya Tuyen ya ce, ko juyowa bai yi ba.

Kawu Khiem ya yi shekara talatin yana gyaran motocin bas a nan Saigon. Da ya ajiye aiki sai ya koyi dafa giya a gida, da sha'ir da yis da wani busasshen fure mai ɗaci da ake aiko masa a leda. A lungunmu giyar kanti ake sha, a cika kofi da ƙanƙara a tsiyaya a kai. Shi kuwa shekara shida yana bin teburin mazan lungu da kwalabensa, yana roƙo su ɗanɗana ba ƙanƙara. Sai su sa ƙanƙarar, su kurɓa, su yamutsa fuska. Kawu Nam mai faci ne ya raɗa mata suna maganin tsutsar ciki. Da farko sai Kawu Khiem ya juya baya suke tuttular da ita a kwata. Daga baya suka daina jira.

Wannan jarkar kwana biyu kafin ya faɗi ya dafa ta. Ya ce wannan karon ya gano inda yake kuskure. Da likita ya sallamo shi gida, abu ɗaya ya roƙa: a bar ta ta nuna, a ba mutane ranar zaman makokinsa, ko mutum ɗaya ne ya ce ta yi daɗi.

Amma Yaya Tuyen yana bukatar ƙarƙashin matakala don babur ɗinsa, tunda akwatin gawa zai cinye falon. Matarsa, Anti Thoa, ta riga ta wanke kwalabe arba'in ta jera a ƙasa. Ta ce ita ba za a kunyata ta a gaban baƙi da abu mai ɗaci ba, in dai dole sai an sha to za ta gyara. Ta ɗauko gwangwanin sukari, ta riƙa zuba babban cokali biyu a kowace kwalba.

Na san abin da hakan ke nufi. A dakalin ƙofarmu nake karatu kullum, Kawu kuma yakan zauna kusa ya yi ta bayani, don ni kaɗai ce ba na tashi in bar shi. Kunya ce ke hana ni tashi, ba sha'awa ba. Daga nan na san ba a ɗura giya a kwalba sai tiyon ya yi shiru kwana uku, sukari kuwa ɗan bakin ƙaramin cokali ne, ba a wuce haka.

Kawu ya kira ni da ido. Na ajiye kwanon na sunkuya, warin magani da fitsari ya cika mini hanci.

"'Yata, ki gaya musu sukari zai tayar da ita. Kwalba ba za ta riƙe ba."

Na miƙe. Na ce, "Anti, Kawu ya ce..."

"Ya ce me, malama mai ido huɗu? Ko a littafinki kika karanto mana yadda ake zuba sukari?"

Yaya Tuyen ya yi dariya. Tabarau ya zame mini a hanci. Ban san daga ina maganar ta zo ba, na ji bakina yana cewa wai fanka ta yi masa yawa. Anti Thoa ta miƙa ƙafa ta kashe fankar. Watan Afrilu ne.

Kawu ya dube ni. Yana kwance gumi na bin wuyansa suka ɗura kwalaben, Yaya Tuyen yana danne murafan da ƙarfen da Kawun ya ƙera da hannunsa. Wajen kwalba ta goma Kawu ya juya fuskarsa bango.

Kwana huɗu bayan nan ya cika, da safe, daidai lokacin da mai burodi ke wucewa da kekensa. A cikin kwanakin nan sau uku Mama ta aike ni da fate, sau uku na ce cikina na ciwo.

Aka kafa rumfa ta toshe lungun, aka jera tebura da shayi da 'ya'yan kankana na ɓarewa. Iyali suka ɗaura farin ƙyalle a goshi. Kwalaben aka tura su bayan akwatin gawa, jikin bangon da rana ke duka tun hantsi, wai sai ranar ƙarshe za a fito da su.

Rana ta biyu da yamma, malamin haikali yana tsakiyar addu'a, kwalba ta farko ta fashe. Mata suka kwanta ƙasa, an ɗauka tukunyar gas ce. Ta biyu da ta uku suka bi, sai sauran suka riƙa amsawa. Kumfa ta ɓullo ta ƙarƙashin akwatin, ta bi ta tsakanin gwiwoyin masu durƙuso har bakin ƙofa. Fasasshen gilashi ya yanki Anti Thoa a ƙwauri, ta zauna tana zagin mamacin a gaban hotonsa.

Daga rumfa Kawu Nam ya ce, "Tsohon nan ko a akwati cikinsa bai daina ɓaci ba."

Lungu ya ɗauka da dariya. Mai busa kakakin da aka ɗauko haya ya kasa haɗa leɓensa. Ni ma na yi dariya. Na so in cire wannan daga labarin, amma na yi.

Yaya Tuyen ya lulluɓe kwalaben da suka rage da jiƙaƙƙen buhu, ya kai ƙarshen lungu ya farfasa da bulo. Guda ɗaya Kawu Nam ya ɓoye a bayansa. Da ya ɓalle murfin ta yi tsiri ta jiƙa masa riga, ɗan abin da ya saura ya tsiyaya a kan ƙanƙara. Maza suka zagaye shi. Ya kurɓa, ya juya ta a baki, ya tofar.

"Yanzu kuma maganin tari ta koma. Shekara shida mutum yana abu bai iya ba."

Yaya Tuyen ya ce shi ma ya sha gaya wa tsohon, bai ji ba. Ina tsaye kusa da su da farantin kofunan shayi. Kawu Nam ya miƙo hannu ya ɗauki ɗaya ya kuskure bakinsa, na jira ya mayar, na wuce tebur na gaba. Kafin rana ta faɗi an kawo giyar kanti a bayan babur.

Washegari da sassafe aka fita da akwatin. Mama ta tura ni in ɗauko kujerunmu da aka ara. Falon ba kowa, an goge shi amma silifas ɗina na mannewa a ƙasa. Tururuwa sun ja layi tun daga bakin ƙofa, sun bi ta inda akwatin ya zauna, sun hau ƙafar tebur zuwa ga hoton Kawu, inda kumfa ta bushe a kan gilashin.