Tsiron Cikin Garwa

Afiniki na sunkuye tana ɗaure bakin tukunyar kunu da tsohon zane, sai ta ji muryar maigidan daga ƙofar madafa.

"Maman Lucy, wannan kwalban manja nawa ne yanzu?"

"Ka fara ke nan," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Yau ma ba za ka bar ni in sha iska ba?"

"Tambaya kawai na yi. A Bamenda, kuɗin wannan ɗaya zai saya miki uku, har mai kaya ya yi miki gyara."

"To, Allah ya ba mutanen Bamenda lafiyar sha. Zo ka kama mini tukunyar nan, mota na jira."

Wilfred ya zo ya kama yana murmushi. Mutumin Bamenda ne, can cikin duwatsun Kamaru. Ya zo Kafanchan yana saurayi, ya kama aikin gyaran injin jirgin ƙasa, a zamanin da yankinsu da Nijeriya suke ƙarƙashin tuta ɗaya. Daga baya aka yi ƙuri'a aka ja iyaka, bawan Allah ya kwana ɗan ƙasa ya tashi baƙo, alhali ko tabarmarsa bai matsar ba. Yanzu furfura ta ci rabin kansa, ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, gidan reluwe kuwa ba gadon uban kowa ba ne, dole su tashi. Dangin Afiniki sun yanka masa fili a Madakiya, yau Asabar aka sa gayyar haƙa harsashin gini. In diga ta taɓa ƙasa yau, magana ta ƙare, a Madakiya za su tsufa.

Shi dai bai taɓa buɗe baki ya ce ba ya so ba. Amma tun da gwamnati ta yi wa ma'aikata ƙarin albashin nan na Udoji, kasuwa ta haukace, sai ya sami waƙar yi. Madara ta tashi, a ji Kamaru. Shinkafa ta tashi, a ji Kamaru. Hatta sabulu bai tsira ba. Afiniki kuwa manja da gishiri da daddawa take sayarwa a kasuwar Kafanchan, ta san farashi kamar yunwar cikinta, ta kuma san inda zancen ya dosa. Ita ce za ta bar rumfarta, da zumuntar mata, da jikarta da 'yarsu Lucy ta haifa bara, ta tafi inda ko ruwa ba ta iya roƙa ba? Haba! Shi ya sa ranar Lahadi bayan sujada ta ja ƙanenta Silvanus, malamin makaranta, gefe guda.

"Kai ka yi boko, kai ke jin rediyo," ta ce masa. "Ranar gayya ka kashe mini maganar Kamarun nan a gaban kowa, kada ta sake tashi."

An gama loda tukwane a bayan a-kori-kura, direba ya tayar da mota, sai aka nemi Wilfred aka rasa. Can sai ga shi ya fito rungume da garwar kananzir, tsiron nan nasa mai dogayen ganye na rangaji a samanta.

"Ina kuma za ka da ɗan autan naka?" in ji Afiniki. "Gayya za mu, ba asibiti ba."

"Bari ya ga gari shi ma."

Tsiron nan ya girmi Lucy. Uwar Wilfred ce ta ba shi, zuwansa gida na ƙarshe kafin ta rasu. Garwa ta yi tsatsa ya canza wata, tsiro ya yi tsawo ya datse, an canza musu gida a kwatas ya ɗauki abinsa a ka, amma bai taɓa sa shi a ƙasa ba. Sau ɗaya, suna amarci, ya gaya mata dalili. A wurinsu, in ji shi, inda mutum ya dasa wannan itace nan ne gidansa, nan kuma za a kwantar da shi. Ta ji, ta yi dariya, ta manta.

A Madakiya sun tarar da maza sun hallara ƙarƙashin mangwaro da digogi da shebur. Baba Kambai, ƙanen mahaifinta kuma babban gidan, yana zaune a kututture da sandarsa. Silvanus ya iso a kan sabon babur ɗin da ya saya da kuɗin Udoji, ya jingine shi daidai inda kowa zai gani, ya ƙara goge madubin da hankici. Aka zuba kunu. Ƙwarya ba ta gama zagayawa ba wani ya yi kukan tsadar sukari, Wilfred kuwa kamar jira yake.

"A ƙasanmu ba haka ba ne," ya ce.

Silvanus ya saci kallon yayarsa, ya gyara tsayuwa kamar yana gaban allo.

"Baban Lucy, yau dai mu baje ta a faifai. Mu fara da haraji. Nan sau ɗaya a shekara mai unguwa zai zo, ka ba shi, ka huta. Can fa? Direbobin da ke zuwa sun ce jandarma sai ya tsayar da mota a daji, kowa ya nuna shaidar biyan haraji, wanda ba shi da ita ya zauna a ƙasa, ko da liman ne ko fasto. Ƙarya ne?"

"Suna tsayarwa," in ji Wilfred.

"Sai bashi. Mu Allah ya ba mu man fetur, maƙwabta ne ke zuwa ƙofarmu da ƙoƙon bara. Ku kuwa in za a gina gada sai an je Faransa an durƙusa. Kuɗin naku ma, sefa, igiyarsa tana hannun Faransa. Ƙasar da ke cin bashi, wa zai biya? Ba talaka ba?"

"Ticha, bari in tambaye ka," Wilfred ya ce a hankali, da Hausarsa ta reluwe. "Man fetur ɗin nan, ya zo Madakiya? Kai an ƙara maka albashi, ka sayi babur. Baba Kambai wa ya ƙara masa? Amma sukari kuɗi ɗaya kuke saya. A wurinmu mai ayaba da gwaza a bayan ɗaki ba ya kwana da yunwa, ko gwamnati ta ci bashin duniya."

"Atoh!" in ji Baba Kambai, ya buga sanda a ƙasa. "Suruki ya taɓo inda ke mini ƙaiƙayi."

Aka fashe da dariya. Afiniki ta ga shirinta na neman rushewa, amma kuma, ga mamakinta, sai ta ji wani daɗi ya ratsa ta. Mijinta ne fa. Bai ɗaga murya ba, bai nuna kowa da yatsa ba.

Silvanus ba ya cikin masu faɗuwa da wuri. "To, na ji. Amma kananzir, da gishiri, da atamfa, da fetur, wace hanya 'yan fasa-ƙwauri suke bi da su? Daga nan zuwa can, ko daga can zuwa nan? Ka taɓa ganin wanda ya sayi kaya inda suke da tsada ya kai inda suke da araha? Ga 'yar gishiri nan zaune, a tambaye ta."

Kowa ya juyo. Afiniki ta ce, "Daga nan ake kai musu." Muryarta ta fita ƙasa-ƙasa, ba yadda ta shirya ba.

"Fanshonka kuma da naira za a biya ka, a nan," Silvanus ya ƙarasa. "Ko duk wata za ka riƙa tsallake iyaka da gwiwoyin nan naka?"

Wilfred ya dubi ƙwaryar da ke hannunsa, ya juya ta, sannan ya cire hularsa ya ɗan rusuna wa yaron da ya taɓa goyawa a kan keke zuwa makaranta.

"Ticha ya kayar da ni," ya ce. "Gaskiya ka faɗa, duka. Kuɗin makarantarka bai tafi a banza ba."

Ya ƙara da wata ba'a cikin yaren Bajju, yaren su Afiniki, tsofaffi suka riƙe ciki don dariya. Afiniki ta sami abin da ta nema, sai dai ta ajiye ƙwaryar kununta ba ta shanye ba.

Baba Kambai ya yi addu'a, ya sa albarka ga fili da masu aiki, sannan ya miƙa wa Wilfred diga, don mai gida shi ke fara sara. Wilfred ya karɓa. Maimakon ya nufi inda aka ja igiyar harsashi, sai ya je gindin mangwaro ya ɗauko garwarsa. Ya kai ta daidai inda ƙofar gida za ta kasance, ya sari ƙasa, ya buɗe ɗan rami. Ya durƙusa, ya kwantar da garwar, yana bubbuga gefenta don ƙasar ta saki. Maza suna ta hira, ba wanda ya kula, su a ganinsu fure mutum zai dasa.

Afiniki ce kaɗai ta lura da hannunsa. Hannun da ya shekara da shekaru yana kwance ƙusoshin injin jirgi, yau ya kasa zare tsiro daga garwa. Ta matsa kusa, sai ta ji yana yi wa abin magana ƙasa-ƙasa cikin yarensu, irin muryar da ake rarrashin yaro da ita. Ko kalma ɗaya ba ta gane ba.

Nan maganar da ya gaya mata kan tsiron suna amarci ta faɗo mata, kunya ta rufe ta. Mutumin nan ya koyi yarenta har yana ba tsofaffi dariya da shi, ita kuwa ban da gaisuwa ba ta san komai a nasa ba. Shi ya ɗauki akwatin gawar mahaifinta a kafaɗa. Duk damina shi ke zuwa a keke ya nome gonar uwarta har ta koma ga Ubangiji. Lokacin tashin hankali, da baƙi suka riƙa cika jirgi suna gudu, abokan aikinsa sun roƙe shi ya bi su, ya ce ina zai bar matarsa da ciki. Ko a al'adar Madakiya mace ce ke bin miji, amma shi ya biyo ta, bai taɓa yi mata gori ba. Ashe duk lissafin manja da sabulun nan ba lissafi ba ne. Gida yake so, kuma ya fi ƙarfin ya roƙa. Ita kuma ta ɗauko masa malamin makaranta. Wayyo, Afiniki!

"Baban Lucy," ta ce, "dakata."

Ya ɗago, idanunsa sun yi ja. "Yanzu zan gama."

Ta durƙusa a gabansa, ta tayar da garwar tsaye, ta tattara ƙasar da ta zube da hannu biyu ta mayar, ta danna gindin tsiron sosai. Sannan ta miƙe, ta karkaɗe zane, ta ɗora garwar a ka kamar tallan manja.

"Baba," ta ce wa Baba Kambai, "a yi mana gafara. Mun gode da fili, mun gode da gayya. Amma ba za mu iya tsadar ƙasar nan ba. Kamaru za mu."

Silvanus ya saki baki. "Yaya! Ba ke ce kika ce in..."

"Rufe mini baki. Kai da babur ɗinka. Ka san nawa ne kwalbar manja a Bamenda?"

"Ke kin sani?"

"Mijina ya gaya mini."

Baba Kambai ya daɗe yana kallon ramin, ya kalli garwar, ya kalli surukinsa da ke durƙushe har yanzu. Tsoho ba ya rasa gane abin da ya wuce ta gabansa. Ya share ido da bakin riga, ya ce, "To, ku mayar da ƙasar ramin nan, kada akuya ta karye. Tuwo kuma tunda an dafa, sai an ci."

Aka ci tuwon acca, aka yi ta surutu, wasu na cewa Afiniki ta zautu, wasu matan na kuka tun yanzu. Ita ma ta kewaya bayan rumbu ta yi nata, don tunanin jikarta ya soke ta ba kaɗan ba. Ta wanke fuska ta dawo ta ci gaba da rabon miya.

Da la'asar suka hau a-kori-kura zuwa Kafanchan, tukwane wayam suna ƙara a bayansu. Garwar na kan cinyar Afiniki, ganyen na shafar haɓarta duk lokacin da mota ta faɗa rami. Sai da rufin tashar jirgi ya fara bayyana Wilfred ya yi gyaran murya.

"Maman Lucy."

"Na'am."

"Ticha bai yi ƙarya ba. Haraji akwai zafi a can. Gishiri ma ya fi tsada. Manjan ma... rabona da sanin kuɗinsa tun kafin a haifi Lucy."

"Na sani," ta ce. "Ni ke sayar da su."

Ta gyara wa garwar zama, ta rungume ta da kyau.

"Sai mu tafi da buhun gishirinmu. Kai dai fara koya mini yadda ake cewa a rage mini."