Kukan Kurungu

Tun da idon Malam Yari ya rufe, 'yarsa Mas'uda ta ɗauko shi daga Kagara ta dawo da shi gidanta a Wurno, unguwar da ba a jin motsin ruwa sai ƙarar injin ban-ruwan albasa. Mutumin da ya tsufa cikin kwale-kwale, ga shi yau a kan tabarma, ko kunu sai da lallashi. Da ta ga ciwo ya ci jiki, ta tambaye shi abin da ransa yake so.

"Kurungu," ya ce. "Ba don ci ba, ɗiyata. Kukanai nika son in jiya, ko sau guda."

Kurungu dai ba kifin a zo a gani ba ne. Ɗan guntu ne mai gemu, ba ɓawo a jikinsa, yini yake a maƙale cikin saiwoyi da ruɓaɓɓen itace inda ruwa ya yi laka, wani ma don taurin kai a rigingine yake iyo. Amma da an tsamo shi sai ya kama ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Da wannan ƙarar Yari ya yi ƙuruciya, da ita ya yi furfura.

Washegari Mas'uda ta ɗauki bokiti ta hau mota zuwa Goronyo, wurin Sale, ɗan goggonta mai sana'ar su. To, Sale taubashinta ne, kuma bakinsa ba ya da linzami. In ya ji ta yi wannan tafiya don kukan kifi, har jikokinta sai sun sha labari. Sai kawai ta ce Baba ke son kurungu mai rai.

"Mi? Duk kihin Goronyo, tsoho bai ga na ci ba sai wanga mummuna?" ya ce yana dariya.

Ta tsaya a tudu saboda taɓo, shi kuma ya kutsa cikin ciyawar gaɓa ya ɗaga gurarsa ta kama kifi. Ya zaɓi mai ƙiba, ya yi masa abin da kowane masunci yake yi ba tare da tunani ba, ya jefa a bokiti.

"Na gyara miki shi, Yaya. Ba shi sukar ki."

Ta yi godiya. A cinya ta riƙe bokitin har Wurno, ruwa na fallatsa mata a zane, ko a jikinta.

Da Yari ya ji ƙarnin kifi, da kansa ya yunƙura ya zauna, abin da ya daɗe bai yi ba. Ta ɗora masa a tafin hannu. Ya kai kunne. Kifin ya buɗe baki, ya rufe. Shiru. Ya bi gefensa da babban yatsa, ya tarar da dungu a inda ƙaya take.

"Sale yab ba ki?"

"Shi ne, Baba."

"Yaron kirki. Ya karye ƙaya don kar ta soke ki. Da ita shika kuka, ɗiyata."

'Yar masunci ce, amma ba ta taɓa ganin kurungu da ƙayarsa ba, kullum a karye yake isowa madafi. Ta ce gobe da sassafe za ta koma. Tsohon ya daɗe da kifin a kunne, sannan ya miƙo mata.

"Bari, ki huta. Na ɗan jiya."

Kanta na dab da nasa, ta san bai ji komai ba. Wannan ƙaryar ta fi komai yi mata ciwo. Ta fita bayan ɗaki ta yi kuka mai isarta.

Ba ta koma Goronyo ba, don kafin hantsin washegari an yi wa tsohon sutura. Da yamma Sale ya iso ta'aziyya, ido jawur, ya durƙusa a ƙofar ɗakinta, yau babu tsokana.

"Yaya, ya dai samu ya ci kihin?"

Ta dubi hannuwansa, duk tabon ƙaya.

"Ya ci," ta ce. "Ya sa maka albarka."