Ɗan Majalisar da Ya Tsare Talata

Daren jiya wani mafarki ya ɗauke ni, ni da ko Zariya sai da dalili, ya dire ni a majalisar dokokin Jamus riƙe da lemar wani dattijo. Sunansa Ottmar Birkenfeld, ɗan jam'iyyar 'yan mazan jiya, kuma Hausa yake yi garau kamar haifaffen Gumel.

A ƙasar, rana ba ta wucewa sai majalisa ta amince. Ottmar kuwa da alkawari ɗaya ya taso, tun yana kansila har ya zo nan: Talata ba za ta ƙare ba. Mutanen mazaɓarsa suka yi ta zaɓensa, don Talatar mai daɗi ce. Burodi bai taɓa hucewa ba, masu sanƙo kuma sanƙonsu ya tsaya inda yake.

Laraba tana bakin ƙofa, doguwar mace da goyo, ta gaji da tsayuwa.

"Ranka ya daɗe, me baiwar Allah nan ta yi maka?" na ce.

"Ba ta yi ba tukuna," ya ce. "Likita ne ya ce matata Hedwig ba za ta wuce Laraba ba."

Sai ga mu a falon gidansa, ana yayyafi a cikin kabad. Hedwig tana saƙa 'yar hula. 'Yarsu tana zaune gefe, cikinta ya tsufa har furfura ta fara fito mata, haihuwa shiru.

"Ottmar," in ji tsohuwar, "hular nan na gama ta, na warware, na sake saƙawa, har ulun ya san hanya. Ina son in ga kan da zai sa ta."

"In kika gani, kin tafi ke nan."

"To da can zama na zo yi?"

Tausayinsa ya kama ni. Ashe duk kafiyar da ake yi masa tsiya a kanta, tsoro ne kawai.

Muka koma zauren majalisa. Shamuwar da ke shugabanci ta buga baki a tebur, ƙuri'ar barin Talata ta wuce ta yi kunnen doki, saura tasa. 'Yan jam'iyyarsa suna ta jan gefen kwat ɗinsa. Ya dubi Hedwig a kujerun baƙi, ta gyaɗa masa kai, ya ɗaga hannu ya amince.

Laraba ta cire takalmi ta shigo da sallama. Ta kwance goyonta, ashe jikar da ake jira ce, ta ɗora jaririyar a hannun Ottmar. Hedwig ta sa mata hular, ta yi mata yawa, suka yi dariya. Sannan Laraba ta durƙusa, ta juya wa tsohuwar baya, ta goya ta da zanen nan, suka nufi ƙofa. Ottmar ya so ya riƙo ta, amma hannuwansa biyu a cike suke.

Nan mai ruwa ya buga ƙofata da murfin jarka, na farka.