Binciken Gidan Kanal Abdulƙahhar

Da Hajiya Bintu, matar yayansa, ta aiko a kira shi, Mala ya san maganar auren 'yarta Ruwaida ce. Tun da yayansa ya rasu shi ne waliyyin yarinyar, kuma a danginsu, tun kakannin da suka taso daga Barno suka zauna a Fagge, ba a amsa wa masu neman aure sai an tura mutum ya binciko gidansu.

"Yaron dai ban ga aibinsa ba," in ji Hajiya Bintu, tana tsince shinkafa a faranti. "Bahauddeen sunansa, malamin sakandare ne. Uban ne ban sani ba. Tsohon soja ne, Kanal Abdulƙahhar, a nan Kwaciri yake. Sun ce manyansu za su zo bayan Juma'a. Ka dai san sojoji."

"Ban san su ba, Yaya."

"To sai ka je ka sano su. A karɓa ko kada a karɓa, daga bakinka zan ji."

Mala gyaran keken ɗinki yake yi, kuma rabin telolin Fagge sun san shi da abu biyu: ba ya gaggawa, ba ya kuma barin magana ta wuce bai juya ta ba. Ya fara da maƙwabtan Kanal, suka gaya masa abin da maƙwabta ke faɗa. Mutum ne da ba ya fashin jam'i, ba ya hayaniya, ba ya shiga abin da ba ruwansa. Mala ya yi godiya ya tafi, bai ƙaru da komai ba. A ganinsa, maƙwabci gaisuwar mutum kawai ya sani. Wanda ya san hali shi ne wanda ya zauna a ƙarƙashinsa, wanda ba shi da ikon ce masa a'a.

Sai ya tuna da Saje Toma. Akwai wata tela a Sabon Gari, Biriskila, wadda shi ke gyara mata kekuna, shi Toma mijinta ne, tsohon soja daga wajen Zariya, kullum yana zaune a benci a ƙofar shagon da ƙafarsa ta dama a miƙe, don ba ta lanƙwasuwa. Mala ya taɓa jin ya ambaci sunan Kanal ɗin.

Ya isa da hantsi, kasuwa ta fara cika, masu kura suna ta neman hanya.

"A'a, Injiniya," in ji Toma. "Yau ba jaka? Ko kekunan Kano sun daina lalacewa?"

"Wurinka na zo, Saje, ba wurin keke ba."

"Ni ai na wuce gyara. Zauna."

Mala ya zauna, ya faɗi abin da ke tafe da shi ba tare da kwana-kwana ba. Da ya ambaci sunan, ƙarar keken da ke cikin shago ta tsaya.

Toma ya mayar da idonsa kan titi, ya ce:

"Idan kirki kake tambaya, na yi aiki da hafsoshi da yawa, ban ga kamarsa ba. Sai kowa ya ci yake ci. Ban taɓa ganin ya ɗaga wa farar hula hannu ba, wanda ya yi a gabansa kuwa ya shiga uku. Idan hanya ba ta da kyau, motarsa ce a gaba."

"To gaya masa ɗayan," in ji Biriskila daga ciki.

"Ina zuwa, Maman Tracy."

Ya gyara ƙafar da hannu biyu, sannan ya ci gaba. A lokacin rikicin gabas ne, in ji shi, suna wani ƙaramin gari, sai labari ya zo cewa maharan na tafe da yawan da ba za a iya tare su ba. Kanal ya sa aka loda mutanen gari, mata da yara da tsofaffi, a motocin soja da duk wata mota da ke tashi. Hanyar fita ɗaya ce, kuma akwai gada kafin garin. Dole wasu su tsaya a gadar su riƙe maharan har motocin su yi nisa.

"Ya zaɓe mu, ni da yarana. Ya tsaya a gabanmu kamar yadda nake ganinka, ya ce mu riƙe zuwa azahar, taimako na hanya, ya yi magana da su da bakinsa. Muka riƙe. Azahar ta yi, la'asar ta yi. Babu wanda ya zo."

"Sun makara ke nan?"

"Ba su taso ba ma. Daga baya mai riƙe da rediyo ya gaya mini. Tun kafin Kanal ya zo gabanmu an riga an ce masa babu mai zuwa. Ya sani."

Biriskila ta fito, da tef ɗin awo a wuyanta, ta jingina da ƙofa.

"Ƙanena Harrison yana cikinsu," in ji ta. Muryarta ba ta tashi ba. "Ni na goya shi. Mijin nan nawa ya gaya mini har ya cika yana tambaya ko sun iso. Ya mutu yana kallon hanya, Malam Mala. Ka rubuta wannan a bincikenka."

"Allah ya ba da haƙuri."

"Amin."

"Mutanen garin fa?" Mala ya tambayi Toma.

"Sun tsira, har jaririn da aka haifa a mota. Da yamma kuma shi da kansa ya dawo da mota ɗaya, bayan an hana shi, ya kwashe mu. A kafaɗarsa ya ɗauke ni."

"Ya dawo kwasar gawa," in ji Biriskila, ta koma ciki. Keken ya ci gaba da ƙara.

Toma ya rage murya. "Ka ga, Injiniya, barin da ya yi mana ba ya damuna. Aikin ke nan, wani ne zai tsaya. Da ni ne shi, da na bar wasu. Abin da nake juyawa shi ne, da ya ce mana babu mai zuwa, da mun tsaya? Ni ina so in ce da na tsaya. Amma akwai waɗanda na san ƙafarsu tana rawa tun safe, idan ɗaya ya ruga sauran za su bi. Wataƙila ya yi daidai. Sai dai har in mutu ba zan san ko ni mai tsayawa ba ne. Wannan ya ƙwace mini."

"In 'yarka ce, za ka ba ɗansa?"

Toma ya yi dariya. "Ka ji ka. Ni na ba ka labari, kai ne alƙali."

A hanyar komawa Mala bai hau a-daidaita-sahu ba, ya taka da ƙafa. Ya iya auna maƙaryaci, ya iya auna mai gaskiya. Wanda ya gagare shi shi ne mutumin kirki da ke yanke wa na ƙasa da shi abin da ya kamata su sani. Ruwaida a wannan gidan za ta zauna, a ƙarƙashin wannan mutumin. Idan wani abu ya lalace a can, wa zai gaya mata? Wa zai gaya musu?

Washegari bayan la'asar ya yi abin da mai bincike ba ya yi, ya je gidan da kansa. Ya tarar da Kanal a ƙofar gida yana ba wa shukar zogale ruwa da buta. Dattijo ne siriri, gemunsa ya yi fari, ba shi da girman jikin da Mala ya zata. Suka gaisa, Mala ya faɗi ko shi wane ne.

"Baffan Ruwaida," in ji Kanal. Ya ajiye butar, ya shimfiɗa tabarma. "Na ji ana tambaya a kaina a unguwa. Amma ban taɓa jin mai bincike ya zo wurin wanda ake bincika ba."

"Ni ma ban taɓa ji ba, ranka ya daɗe. Na je wurin Saje Toma."

Kanal ya gyaɗa kai a hankali. "Yaya ƙafar tasa?"

"Tana nan yadda take. Ya ba ni labarin gada."

"Duk abin da ya gaya maka haka ne. Toma ba ya ƙari."

"Ka san babu mai zuwa?"

"Na sani. Ƙarya na yi musu."

Mala ya zo da shirin jin uzuri, amma bai ji ko ɗaya ba. Kanal ne ya ci gaba.

"Na dubi fuskokinsu, na dubi motocin da ke bayana. Idan na faɗi gaskiya, wataƙila su tsaya, wataƙila su watse. Idan na yi ƙarya, na tabbata za su tsaya. Ban ga ina da ikon yin caca da mutanen da ke cikin motocin ba. Sai na ɗauki wanda na tabbata."

"Da za a maimaita?"

"Zan sake."

"Ka nemi yafiyarsu?"

"Na je gidan kowannensu na faɗi abin da na yi. Yafiya kuwa ban nema ba. Ka ce wa mutum ya yafe maka abin da ka san za ka sake, wannan ƙarya ce ta biyu. Wurin Allah nake nema, shi ya san yadda zai yi da ni."

Wata mata ta wuce da tallan awara, ta gaishe su, suka amsa. Mala ya jira ta yi nisa.

"Ranka ya daɗe, tambaya ɗaya ta rage, ita ce ta kawo ni. A ce an yi auren nan. A ce ɗanka ya yi wa 'yata wani abu, ko wani abu ya same shi wanda ya kamata ta sani, mu ma mu sani. Ka duba ka ga idan an faɗa gidan zai rushe, idan an ɓoye zai tsaya. Za ka faɗa?"

Kanal ya ɗauki wani ɗan tsinke daga kan tabarma yana juya shi.

"Na san amsar da za ta sa ka ba mu yarinyar," in ji shi. "Amma ina jin zan ɓoye. Zan tsaya mata, ba zan bari a cuce ta ina gani ba. Sai dai idan na ga shiru ne zai tsare gidan, zan yi shiru. Haka nake."

Mala ya yi masa sallama. Kanal ya rako shi har bakin layi, bai ƙara cewa komai a kan auren ba.

Ya iske Hajiya Bintu a tsakar gida ta idar da sallar magariba.

"To?" in ji ta. "A karɓa?"

"A kira mini Ruwaida."

"Yaushe aka fara kiran yarinya a maganar bincike?"

"Yau, Yaya. Ita za ta zauna a gidan, ba ni ba."

Ruwaida ta fito da mayafi, ta durƙusa a gefen uwarta. Mala ya ba su labarin tun daga bencin Toma har tabarmar Kanal, bai rage ba, bai ƙara ba. Hajiya Bintu tana ji tana salati a hankali. Da ya gama sai ya juya ga yarinyar.

"Mutumin ba azzalumi ba ne. Amma gida ne da za a iya ce miki komai lafiya alhali ba lafiya ba, kuma don ƙaunarki za a faɗa. Ina so ki san wannan kafin in buɗe baki."

Ruwaida ta sunkuyar da kai. "Baffa, na sani."

"Kin san me?"

"Maganar gadar. Bahauddeen ya gaya mini tun farkon zuwansa. Ya ce ba ya so in ji a bakin wani. Ya ce shi da Babansa sun daɗe ba sa shiri a kan maganar, don shi yana ganin da an gaya musu gaskiya."

Hajiya Bintu ta ajiye carbinta. "Kin sani, kika bar Baffanki yana yawo a rana har Sabon Gari?"

"Inna, na ga idan na faɗa za ki ce a'a tun ba ki ga yaron ba."

"Da na ce kuwa."

"Shi ya sa."

Mala ya dube ta. Yarinyar da ya yi wa huɗuba ranar da aka haife ta, wadda yake ta fargabar kada a ɓoye mata, ita ma ta auna uwarta, ta auna abin da take so ta tsare, ta zaɓi shiru. Ya nemi fushi a ransa bai samu ba. Abin da ya samu wata gajiya ce, da wani abu mai kama da dariya.

"Ka ji ta ko, Mala?" in ji Hajiya Bintu. "Ka ji 'yar taka?"

"Na ji ta."

"To me ka ce?"

Mala ya juya maganar a ransa. Yaron ya faɗi gaskiya tun ba a tambaye shi ba, uban ya faɗe ta a inda ƙarya za ta fi yi masa amfani. A cikin mutum ukun, tasu ce ta ɓoye.

"A aika musu su zo," in ji shi. Ya miƙe yana neman takalminsa. "Ke kuma Ruwaida, daga yau idan kin auna kin ga gara kada in sani, wannan ne za ki fara kawo mini."

"To, Baffa."

Hajiya Bintu ta ce ya tsaya ya ci tuwo. Ya ce a zuba masa a kwano, zai tafi da shi.