Mai Fenti a Kujerar Likitan Haƙori

Ƙanena mai fentin mota ne, shekara arba'in yana yi kafin gwiwa ta zaunar da shi. Wuta ba ta ba shi tsoro, amma sau biyu yana tashi daga kujerar likitan haƙori ya fita titi da ƙyalle a wuya. A karo na uku ni na raka shi, domin kumburin haƙorin ya sauko har ƙarƙashin haɓa, an kuma ce in ya kai maƙogwaro abin ya zama na rai.

Likitar sa'ar 'yar autata ce. Ta ce, "Baba, yau ba za mu yi tsere ba. Akwai wata iska da zan sa maka a hanci, iskar dariya ake ce mata. Ba barci za ka yi ba, kana jina, tsoron ne kawai zai ja da baya."

"Yaya, ka ji?" in ji shi. "Iska za a ɗura mini kamar taya."

"Da ma ai ka daɗe da sacewa," na ce.

Ta ɗora masa wani ɗan murfin roba a hanci, ta murɗa inji. Ni kuwa idona ya tafi kan wata baƙar jakar roba da ke rataye a gindin injin kamar jemage. Na tambaya, ta ce iskar a nan take taruwa, in mutum ya shaƙa jakar ta motse, in ya saki ta cika. Na ja kujera kusa don in ga wannan abin mamaki.

Minti biyar ya wuce. Ta ƙara iskar, ta jira, ta sake ƙarawa. Ƙanena yana nan ya damƙe hannun kujera, ido a waje, ƙafa ɗaya ta riga ta sauka ƙasa tana neman takalmi.

"Ba ta kama shi ba," in ji likita, muryarta a sanyaye. "Ba zan wuce haka ba. Sai dai in tura ku babban asibiti a sa shi barci, kuma layin can ya kai mako uku. Wannan kumburin ba zai jira ba."

Na ce, "'Yata, ni dai ban yi karatu mai nisa ba, amma jakar nan tun ɗazu ba ta motsa ba."

Ta juya ta duba, ta sunkuya kan fuskarsa. Ashe ta gefen baki yake satar numfashi, kaɗan-kaɗan.

"Haba Baba! Ta hanci mana."

"Ta hancin nake yi!"

Ya ja sau biyu, jakar ta yi motsi, sai kuma ta tsaya cak. Nan na kasa kunne na ji ƙarar injin, sss, siririya, irin ta bindigar feshi. Sai na gane. Shekara arba'in, da zarar ya ji wannan ƙarar yake toshe hanci har sai ya kai ƙarshen ƙofar mota, kada fenti ya shige masa ƙirji. Shi kansa bai san yana yi ba.

Da na gaya mata, sai ta ɗauko auduga biyu cikin wadda ake cusawa a baki, ta toshe masa kunnuwa. Na matsa na ɗaga murya yadda abokan aikinsa suke yi in an gama mota: "An kashe inji, Oga! Fito ka sha iska!"

Jakar ta motse, ta cika. Ta sake motsewa. Na ga yatsunsa suna sakin kujera ɗaya bayan ɗaya, ƙafar ta koma sama. Ya ƙura wa silin ido, sai ya fara dariya ƙasa-ƙasa.

"Yaya, wa ya yi musu fentin nan? Shafi ɗaya ya yi ya gudu. Ɓarawo!"

"Buɗe baki ka faɗa mini sauran," in ji likita da ƙarfi.

Ya buɗe. Ta yi masa allurar kashe zafi yana kallon silin. Da ta sa ƙarfe ta fara girgiza haƙorin ni ne na kau da kai, sai dai na ji ƙwal a cikin ɗan faranti. Haƙorin saiwa uku gare shi, ɗaya a lanƙwashe kamar ƙugiya.

Ta ba shi iska zalla na ɗan lokaci har idonsa ya dawo daidai, ta zare audugar kunnen, ta rubuta magani.

"Kumburin zai sauka cikin kwana uku. Amma akwai wani haƙorin a sama da yake son ciko."

Na dube shi, na tare hanyar ƙofa da jikina. Ya taɓa kumatu, ya yi magana da auduga a baki.

"Wace rana kike da fili?"