Ruwan Aikande

Da safe Kibo, ƙololuwar babban dutsen yankin, ya yaye gajimare ya fito, farar ƙanƙarar kansa tana ƙyalli, amma Aikande ko ɗaga kai ba ta yi ba. Idonta na kan magudanar da kakannin mijinta suka haƙa tun daga kurmin dutsen har gonarta. Ranar rabonta na ruwa ce, amma ko ɗigo babu. Ayabarta ta fara sunkuyar da kai, ganyen kofi ya yi yaushi.

Ta saɓi fartanya ta bi magudanar ta haura. Can sama da gidan Shirima, ƙanin marigayi mijinta, ta tarar an datse ruwan da siminti, an ja baƙin bututu zuwa sabon masaukin da ya gina wa masu hawan dutse. Ba ta nemi kowa ba, ta hau saran bututun.

Shirima ya fito a guje yana gyara wando.

"Matar yaya, kanki ɗaya kuwa? Baƙi na wanka!"

"Su yi da yawunka, ai kana da shi da yawa."

"Ruwan nan daga Kibo yake saukowa, ba daga ɗakinki ba. Duk Afirka babu dutsen da ya kai shi tsayi, daga bangon duniya ake zuwa ganinsa. Ke me kika taɓa samu a jikinsa ban da ayaba?"

"Ayabar da ta raine ka, mara kunya! Da yayanka na da rai, ko kallon magudanar nan ba ka isa ka yi ba."

"Yaya ya mutu. Ke kuwa 'yar gangare ce, aure ya hauro da ke. A garinku ai ƙura kuke sha."

Wannan maganar ce ta ƙona mata rai. A baƙar ƙasar nan ta haifi 'ya'yanta, a nan ta binne mijinta, fuskarsa na kallon Kibo. Ta ƙara ɗaga fartanya, bututun ya fashe, ruwa ya wanke Shirima tun daga ƙirji har takalma.

Magana ta kai gaban dattawa. Suka zauna da ƙoƙunan giyar ayaba, tsoho Lyimo mai kula da rabon ruwa ya saurari kowa, sannan ya yi tsaki.

"Dutsen nan ya daina aman wuta tun ba a san mutum ba, ku kuma kuna neman ku kunna mana wata. Shirima, ka fasa simintin nan yau."

Da Shirima ya ga ba shi da kowa a wurin, sai ya karyo reshen isale, tsiron da in an miƙa maka shi ana neman gafara ba ka da ikon ƙi. Ya miƙa mata yana wani ɗan murmushi da ita kaɗai ta gani.

Aikande ta daɗe tana kallon hannunsa. Can ta karɓa, ta juya ta nufi inda gonarta ta haɗu da tasa, jama'a na biye da ita. Ta tona rami ta dasa reshen, ta danne ƙasar da diddige, don da isale ɗin ne kuma ake shata iyaka.

"Na karɓa, Baba, kada a ce na ƙi al'ada," ta ce da Lyimo. Sannan ta dubi Shirima. "Kai kuma ga iyakarka. Ko gawata aka shimfiɗe, kada ƙafarka ta tsallake."



Kafin yamma ruwa ya dawo gonarta. Shirima ya koma ɗauko wa baƙinsa ruwa a jarkoki bisa babur, yana zaginta a kowace kwanar hanya. A coci tana zama dama, shi hagu. Da ya aurar da 'yarsa, Aikande ta aika da kan ayaba mafi girma a gonarta, ta ce a gaya wa amarya ba ita ce ta yi mata laifi ba. Aikande dai ba ta je bikin ba.